Kurakuran da aka fi yi wajen karanta layin lambobi

Na gaji da jan biro ja a kan abu guda. Daga 'yan JSS2 har masu shirin WAEC a nan Gusau, da an zana layin lambobi an ce su rubuta abin da kibiya ke nunawa, sai a yi ta faɗawa rami ɗaya.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona min rai, don ni na haƙa shi da hannuna. Shekarar da na fara koyarwa, na ba yarana wata dabara: wai duk inda kan kibiya ya nufa, can tsinin alamar "ya fi" ko "bai kai ba" ke kallo. Suka haddace. Ranar jarrabawa aka zana kibiya ta tashi daga 3 ta yi hagu, amsar kuma aka rubuta ta 3 > x. Yarana suka ga tsini na kallon dama, suka tsallake ta. Ina gyaran takardu zuciyata na tafasa, don laifin ba nasu ba ne. Dabarar nan ba ta aiki sai x na hagu, alhali 3 > x da x < 3 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Malamai 'yan'uwana, don Allah ku daina koyar da ita! Ni yanzu cewa nake yaro ya tsinci lamba ɗaya a ƙarƙashin kibiyar, ko da 0 ce, ya sa ta a gurbin x. Shin 3 ta fi 0? Ta fi. Magana ta ƙare.

Sai hagun sifili. Yaro ya ga -5 da -2, ya rantse -5 ce babba. Wanda mai shago ke bin naira 500 da wanda yake bin 200, wa ya fi nutsewa? Duk lambar da ke dama ta fi ta hagunta.

Da'irar da ake zanawa a kan lambar da kibiya ta tashi kuwa, in an bar cikinta fari, lambar ba ta ciki: < ko >. In an cike ta, tana ciki: ≤ ko ≥. Mai shekara 18 cif yana da damar yin rajistar zaɓe, to x ≥ 18 ke nan, da'ira a cike. Ku kuma masu ɗan shafa mata fensir sama-sama don mai maki ya zaɓar muku, wa kuke yaudara? Ni ba na ba da ko rabin maki.

In layin na da da'ira biyu, ƙaramar lamba ce a hagu: -3 < x ≤ 2. Kar a manta 1.5 ma tana ciki, sai fa in tambaya ta ce cikakkun lambobi kawai. In kuma wajen neman x ka raba ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifili, juya alamar: -2x > 6 ta koma x < -3.