Yadda ɗan tanis daga Kebbi zai shiga ƙananan gasannin duniya ba tare da ya karye ba

Duk shekara idan an gama gasar Wimbledon, yaran da nake koya wa tanis a Birnin Kebbi sukan dawo fili da sabon zafi, iyayensu kuma da sabuwar tambaya. Sun ji cewa a 2024 wanda aka fitar a zagayen farko ma ya tashi da fam 60,000. Sai uba ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, shi wannan ɗan naka yaushe za ya fara kawo nashi?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsar da babu rufa-rufa a cikinta.

A fara da sanin tsanin. Matakin ƙasa yana hannun hukumar tanis ta duniya, ITF, mai hedikwata a Landan. Tun 2019 gasannin maza na wannan mataki ake kiran su M15 da M25, na mata kuma yanzu suna farawa daga W15, su bi ta W35, W50 da W75 har W100. A saman su akwai gasannin Challenger na maza da WTA 125 na mata, sai manyan gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa maza, da WTA, takwararta ta mata, sai guda huɗun da kowa ya sani: Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Kai da ke karanta wannan, M15 ko W15 ce ƙofarka.

To ga abin da ke bayan ƙofar. A 2023 gasar M15 jimillar kuɗinta dala 15,000 ce, a raba wa kowa da kowa. A rabon 2023, wanda ya lashe wasa biyar a jere ya ɗauki kofi yana samun dala 2,160, wanda aka fitar a zagayen farko kuma dala 156, kafin a cire haraji. Wanda ya faɗi a wasannin share fage babu ko sisi, shi ne ma zai biya kuɗin shiga. Jirgi, otal, abinci da saƙar raket duk daga aljihunka. Binciken da ITF ta yi kan shekarar 2013 ya nuna cewa namiji sai ya kai wajen matsayi na 336 a duniya, mace kuma na 253, kafin abin da suke ci ya rufe abin da suke kashewa. Don haka nake gaya wa iyaye ƙarara: ba a zuwa M15 neman kuɗi. Maki ake zuwa nema, kuma da kuɗin gida ake neman sa. Wanda ya ci M15 yana samun maki 15 na ATP, wanda ya ci M25 maki 25. Cin wasa ɗaya a babban jadawali, wato gasar kanta bayan share fage, maki 1 ne, kuma wannan ƙwaya ɗayar ita ke sa sunan namiji a jerin gwanayen duniya. Mace kuwa sai ta sami maki a gasa uku, ko maki 10 a gasa guda.

Idan ka gane wannan, mataki na farko a fili yake: kada ka fita waje alhali ba ka gagari na gida ba. Akwai gasar Dala Hard Court a Kano, akwai ta Babban Bankin Najeriya, CBN, da sauran waɗanda hukumar tanis ta ƙasa ke shiryawa. Ni ma'aunina shi ne, idan ba ka kai wasan kusa da na ƙarshe a irin waɗannan akai-akai, tikitin Tunisiya asara ce. Wanda za ka tarar a wasan share fage a can yaro ne daga Italiya ko Rasha da ya yi shekara goma yana buga awa huɗu kullum a gaban koci. Ba na faɗin haka don in kashe maka gwiwa. Na fi so ka kashe kuɗin motar Kano sau biyar ka dawo da darasi, da ka kashe na jirgi sau ɗaya ka dawo da bashi.

Ga wanda bai kai 18 ba, hanyar ta fi sauƙi. Gasannin matasa na ITF suna karɓar yaro daga shekara 13, kuma ƙananansu, J30 da J60, ana yin su a Najeriya da maƙwabta irin su Ghana, Togo da Kwaddibuwa. Fasfon ECOWAS ya wadatar, ba a neman biza, sai dai katin rigakafin shawara. Iyaye su sa ƙarfinsu a nan, domin matashin da ya shiga ɗari na farko a duniya ana keɓe wa irinsa gurbi a babban jadawalin M15 da W15.

Horo a Kebbi yana da nashi hali. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, saboda haka muna shiga fili bayan asuba, mu fita kafin rana ta ɗaga, sannan mu koma bayan la'asar. Da hunturu ƙura kan kwanta a kan siminti, ƙafa ta riƙa zamewa, ƙwallo kuma ta yi sanƙo cikin kwana biyu. A share fili kafin kowane horo, wannan ba abin sasantawa ba ne. Zafin nan kuwa jari ne: yaron da ya saba da ranar Birnin Kebbi ba ya narkewa a zubi (wato set) na uku kamar yadda na ƙasashen sanyi ke yi. Abin da ba mu da shi shi ne abokan bugu. Idan ka fi kowa a garinku, ka daina ƙaruwa ke nan. Dole ka riƙa yin watanni a Kaduna, Abuja ko Legas inda za a riƙa lallasa ka. Ka kuma dubi kalandar azumi tun farkon shekara, ka mai da Ramadan watan gyaran bugu da horo mai sauƙi da dare, gasa ta biyo bayan salla.

Sai takardu, inda mutane da yawa ke tuntuɓe ba gaira ba dalili. Kana buƙatar lambar IPIN daga shafin ITF na intanet, wadda ake sabuntawa duk shekara, kuma ta nan ne kaɗai ake shiga gasa. Za a sa ka yi wani ɗan kwas na intanet kan dokokin hana maguɗi. Ka zauna ka yi shi da kanka. Ana rufe shiga gasa ranar Alhamis, kwana 18 kafin Litinin ɗin makon gasar, da ƙarfe 2 na rana agogon GMT, wato 3 agogonmu. Kada ka jira ranar, domin ka san halin sabis da wutar lantarki a nan. Ana ɗaukar 'yan wasa bisa matsayin ATP ko WTA tukuna, sannan na ITF, sannan sauran ma'aunai. Sabon shiga yakan tsinci kansa a jerin masu jiran gurbi, yana duba waya kullum ya ga ko wasu sun janye. Idan kai ne za ka janye, yi shi cikin wa'adi, in ba haka ba akwai tara. Kowace gasa tana da takardar bayani: irin fili, irin ƙwallo, farashin otal da lokacin sa hannun halarta. Karanta ta har ƙarshe.

Ina za a je? A da muna da gasar Governor's Cup a Legas, wadda aka fara a 2000, da wasu makonni a Abuja, kuma duk lokacin da aka kawo irin wannan gida, nemi gurbin alfarma daga masu shiryawa da dukkan ƙarfinka, domin babu maki mai araha kamarsa. A waje kuwa, Monastir ta Tunisiya da Sharm El Sheikh ta Masar suna yin gasa mako bayan mako a wuri guda, kuma a kan fili mai tauri irin wanda muka saba. Antalya ta Turkiyya ma haka, sai dai yawancin nata jan ƙasa ne, wanda ke buƙatar iya zamiya da haƙurin doguwar musaya. Kada ka fara da shi.

Nan ne kasafi ke shigowa, kuma nan na fi so a natsu. Kada ka tafi mako ɗaya. Tafi mako huɗu zuwa shida da tikiti guda, domin makon farko yakan tafi ne wajen sabawa da ƙwallo, iska da tsoro. Kuma kada ka bar gida sai kuɗin dukkan makonnin suna hannu. Manomin rani a fadamar Argungu ba ya dasa shinkafa da man injin mako biyu yana fatan sauran zai zo. Idan ruwa ya yanke a tsakiya, har abin da ya zuba da farko ya tafi. Ka yi lissafinka da dala, tunda kowa ya ga yadda naira ta haura 1,500 a dala guda a 2024. Ka riƙe raket uku ko huɗu iri ɗaya, takalmi biyu, da naɗin zare mai mita 200. Raket guda na cin kusan mita 12, don haka naɗi ɗaya zai yi maka saƙa goma sha shida. Koyi saƙa raket da hannunka tun a gida. Nemi abokin raba ɗaki, wanda zai iya zama abokin wasan 'yan bibbiyu, domin wasan bibbiyu yana ƙara maka lokaci a fili, wani lokaci ya biya kuɗin kwana ɗaya ko biyu.

Wajen neman tallafi, kada ka je gaban Alhaji ka ce a taimaka maka ka zama zakaran duniya. Rubuta takarda shafi ɗaya: ga gasannin, ga ranakun, ga kuɗin jirgi, ga na otal, ga sakamakona na bara. Roƙi abu guda takamaimai, kamar tikiti. Idan ka dawo, kai masa rahoto da rasit, ko an ci ko an faɗi. Wanda ya ga rasit shi ke sake buɗe aljihu.

A filin kansa, kada ka sa ran abin da kake gani a talabijin. Babu yaran tsintar ƙwallo, babu 'yan kallo, kuma a share fage sau da yawa ku biyun ne ke yanke ko ƙwallo ta fita. Faɗi gaskiya a naka ɓangaren, idan kuma abokin karawa ya fara cuta, kira alƙalin gasa cikin ladabi, kada ka tsaya cacar baki. A share fage zubi na uku gajere ne, wanda ya riga kai maki 10 da tazarar biyu ya ci, saboda haka ka yi ta gwada wannan a horo har ya zama jiki. Cikin mutum 32 da ke babban jadawali, 31 da rashin nasara suke gama mako. Ka tanadi abin da za ka yi washegarin faɗuwa: horo da safe, littafin da kake rubuta abin da ya faru, kiran gida, salla a kan lokaci. Makin da ka samu yana rayuwa mako 52 ne kawai, sannan ya goge.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali fiye da duk waɗannan. Ana caca a kan waɗannan ƙananan wasanni a duk duniya, kuma masu maguɗi sun san wanda kuɗin otal ya ƙare masa. Saƙo zai shigo maka ta Instagram ko WhatsApp daga wanda ba ka sani ba, ko daga ɗan wasa irinka: ka saki zubi ɗaya kawai, ga abin da ya fi kuɗin kofi. Hukumar ITIA mai yaƙi da maguɗi a tanis, wadda ta fara aiki a 2021, ta haramta wa 'yan wasa da dama tanis har abada a kan wannan. Ƙin karɓa kaɗai bai isa ba, domin rashin kai rahoto shi ma laifi ne. Ɗauki hoton saƙon, ka sanar da su nan take. Kai kanka ba ka da izinin yin caca a kan kowane wasan tanis. Haka batun magani: tun 1 ga Janairun 2024 tramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Jiƙo, tsimi da maganin ƙarin kuzari da ba ka san abin da ke ciki ba, bar su a gida, domin duk abin da aka samu a jikinka kai za a tuhuma, ba mai maganin ba.

Kafin tafiyar farko, ku zauna da iyayenka ku yanke wa'adi. Ni shekara biyu nake ba da shawara. Idan a ƙarshensu kana shiga babban jadawali kai tsaye kuma matsayinka na hawa, a ci gaba, a fara hangen Challenger, wadda tun 2024 ake yi a Kigali ta Ruwanda. Idan ba haka ba, akwai wata hanyar da na fi so ma ga yawancin yarana: jami'o'in Amurka da ke ba 'yan tanis gurbin karatu. Nduka Odizor ta Jami'ar Houston ya bi kafin ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya kuma hau matsayi na 52 a duniya a 1984. Wannan hanya tana buƙatar sakamakon WAEC ko NECO mai kyau, kuma ba ta son a bar shekaru su ja bayan sakandare. Kocin jami'a zai nemi sakamakon gasanninka da bidiyo, saboda haka daga gasa mai zuwa ka sa wani ya kafa waya a bayan fili, a wuri mai ɗan tudu, ya ɗauki wasan gaba ɗaya ba tare da yankewa ba.