Yadda za ka ziyarci makarantar firamare ta ƙauye a Arewacin Kamaru ka ga inda tallafi ya tsaya

Wanda ya ba da sadakarsa ga ƙungiyar da ke tallafa wa ilimi, ko wanda mutanen unguwarsu a Garwa ko Marwa suka wakilta ya je ya gano musu inda kuɗinsu ya shiga, yana bukatar shiri kafin ya hau babur ya nufi ƙauye. Gani ya kori ji, amma ranar da aka share fili aka jera yara a rana suna waƙar maraba da baƙi, abin da za ka gani shi ne tarba. Abin da ya kamata ka nema shi ne ranar karatu irin ta kullum.

Shekarar karatu a Kamaru tana farawa a watan Satumba, ta ƙare a watan Yuni. A Satumba damina ba ta gama ɗaukewa ba, mayo, wato rafin damina, yakan cika ya tare hanya, kuma mutanen Yagwa ba su manta da ambaliyar 2024 ba, wadda ta mamaye gidaje da makarantu. A ganina tsakanin Nuwamba da Janairu ya fi, domin hanya ta bushe, kuma lokacin cirar auduga ne, saboda haka za ka ga ko gona tana janye yara daga aji. Ka kauce wa makon da ke gaban 11 ga Fabrairu, ranar matasa, da na 20 ga Mayu, ranar ƙasa, lokacin da yara ke koyon fareti, haka ma ranar Laraba da ake tashi da wuri.

Kada ka faɗa makaranta ba sallama. Ka fara da ofishin sufeton ilimin firamare na gundumar, ka bayyana abin da ya kawo ka, sannan ka sanar da daraktan makarantar makon da za ka zo, kana roƙonsa kada a shirya wani biki. Idan ƙauyen yana Mayo-Sava ko Mayo-Tsanaga ko Logone-et-Chari, inda rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama tun daga 2014, sai ka tambayi hukuma halin da hanya ke ciki. Da isarka, ƙofar mai gari, wato lawan ko jauro, za ka fara zuwa, ka cire takalmi, ka miƙa goro, ka ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ganin makarantar yaranku ne." Idan ba ka jin Fulatanci, ka zo da tafintanka, wanda ba ma'aikacin ƙungiyar da ke ba da tallafin ba, domin mutane su sake jiki su yi magana.

Ka isa kafin a shiga aji. Makarantar firamare aji shida ce, daga SIL, wato aji ɗaya, zuwa CM2, wato aji shida, kuma aikinka na farko shi ne ƙidaya. Ka roƙi darakta rajistar kowane aji, ka ƙirga sunayen da ke ciki, sannan ka shiga ka ƙirga yaran da ke zaune, tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ita ce tambayarka ta farko. Ka ƙirga 'yan mata daban, ka kwatanta yawansu a SIL da yawansu a CM2, domin a tsakanin nan ne talla da aikin gida da auren wuri ke ɗauke su. Sannan ka tambayi malamai nawa ne gwamnati ke biya, nawa ne malaman iyaye. Tun shekarar 2000 aka ayyana karatun firamare kyauta a makarantun gwamnati, amma a ƙauyuka da yawa ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ita ce ke tattara kuɗi ta biya wasu malaman, kuma idan amfanin gona bai yi kyau ba albashinsu yakan yi watanni bai fito ba. Ƙungiyar tallafi tana iya gina aji mai rufin kwano da fenti, alhali malami ɗaya ne ke riƙe da aji biyu ko uku, kuma wannan ba ya fitowa a hoton da ake aika wa masu ba da gudummawa.

Bayan ƙidaya, ka nemi izinin malami ka zauna a bayan aji har darasi ya ƙare, ba tare da ka sa baki ba. Da Faransanci ake koyarwa, harshen da yawancin yaran ba sa ji a gida, shi ya sa za ka ji aji ya ɗauka gaba ɗaya yana maimaita abin da malami ya faɗa, ka ɗauka an gane. Lokacin hutu ka ce: "Malam, ko zan iya duba littattafan rubutun yara?" Kwanan watan da ke saman kowane shafi da jan biron malami za su nuna maka ko ana karatu kullum. Ka zaɓi yaro da kanka daga tsakiyar aji, ka sa ya karanta maka layi biyu a hankali, ba a gaban 'yan'uwansa ba.

Daga nan sai kayan tallafin. Idan littattafai aka bayar, ka duba ko sun yi dauɗar hannun yara, ko kuwa suna nan cikin kwali a kabad ɗin darakta saboda tsoron kada su yage. Idan ciyarwa ce, irin wadda Hukumar Abinci ta Duniya ke tallafawa a wasu makarantun yankin, ka shiga ɗakin ajiya, ka duba littafin fitar da buhuna, ka tambayi matan da ke dafawa ranar da tukunya ta kwana ba a ɗora ba. Ka buga famfon burtsatse da hannunka, ka leƙa bayan gida ka ga ko na 'yan mata daban yake kuma yana da ƙofa.

Akwai tambayar da baƙi kan manta, ni kuwa ita ta fi damuna: yara nawa ne a CM2 ba su da takardar haihuwa? Ba a yi wa yaro rajistar jarrabawar kammala firamare, wato CEP, sai da ita, saboda haka yaron da aka ciyar aka ba littafi shekara shida yana iya tsayawa a nan. Ka tambayi ko ƙungiyar tallafin tana taimaka wa iyaye su samo ta ta hanyar kotu.

Kada ka raba wa yara alewa ko kuɗi, kada ka ɗauki hotonsu sai da yardar darakta da iyaye, kuma kada ka yi alkawarin da ba a aiko ka da shi ba. Idan ka ga gyara, ka faɗa wa darakta a ofishinsa, domin malamin da aka kunyata a gaban ɗalibansa shi zai ci gaba da zama da su bayan tafiyarka. Ka zauna da iyaye mata su kaɗai, ko da na rabin sa'a ne, ka ji nawa suka biya a bana da dalilin da ya sa wata yarinyar ta daina zuwa.

A daren ranar ka rubuta abin da ka gani da alƙalumansa, ka raba shi da abin da aka gaya maka, ka aika wa darakta da ƙungiyar kwafi. Ka sa ranar komawa a zango na uku, wajen Afrilu ko Mayu, ka tafi da takardar ƙidayarka ta farko, ka sake ƙirga 'yan matan CM2.