Zaɓen fistol don gasar harbi: kurakuran da aka fi yi

Tun da hoton Yusuf Dikec ya zagaye wayoyi a 2024, dattijon nan ɗan Turkiyya mai furfura da ya tsaya hannu guda a aljihu a gasar Olamfik ta birnin Faris ya tafi da lambar azurfa, samarin majalisarmu a Birnin Kebbi suka sa ni gaba. Sun san na ɗan taɓa wasan harbi a wani kulob lokacin da nake karatu a waje. Tambayar tasu ba ta canzawa: "Yaya, wace fistol ce ta fi?" Ni kuwa nakan ce musu a nan ne kuskuren ya fara. Bindiga ita ce abu na ƙarshe da ake zaɓa a wannan wasa, sai an gama da abubuwa uku ko huɗu da ke gabanta.

Na farkonsu doka, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin mu ba a Turkiyya muke ba. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959, ta kasa makamai gida uku. Akwai irin su adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, akwai bindigogin farauta da na iska waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba lasisi, sannan akwai haramtattu waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. To, fistol da libarba suna cikin gida na ukun nan, tare da bindigogin soja. Wanda aka kama da ita ba izini, shekara goma ake magana. Mutane da yawa sun ruɗe a 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga, har wasu suka ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Kuma a yankin da ake fama da ɓarayin daji, ba wanda zai tsaya sauraron bayaninka na cewa wasa kake yi idan aka ga ƙarfe a ƙugunka a shingen bincike. Saboda haka maganar da ke tafe ta mutum uku ce: jami'in tsaro da ke harbi a ƙungiyar rundunarsa, ɗalibi ko ma'aikaci da ke zaune a ƙasar da kulob ke da rajista, sai mai son bin hanyar hukumar wasan harbi ta ƙasa ya fara da bindigar iska. Ko ita ta iskar, kada ka manta, da lasisi ake riƙe ta.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne haɗa wasanni biyu a tukunya ɗaya. Abin da Dikec yake yi daban ne: mutum ya tsaya cik, hannu ɗaya, ya harbi takarda daga mita 10 da 'yar dalma. Wanda samari ke gani a bidiyo ana gudu ana harbi, ana leƙawa ta taga, ana sauya gidan harsashi cikin ƙiftawar ido, wannan na ƙungiyar IPSC ne, wadda aka kafa a Amurka a 1976 ƙarƙashin Jeff Cooper. Takenta kalma uku ne na Latin da ke nufin saiti, ƙarfi da sauri. Bindigar wancan wasa ba ta shiga wannan, ta wannan ba ta shiga wancan.

Yanzu ga wanda ya fi cin kuɗin mutane: sayen bindiga kafin karanta dokar rukuni. Duk ɗan Kebbi ya san wanda ya je Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu da homa da gora zai shiga ruwa. Ko kana da kalli mafi tsada a duniya, ranar ba ranarsa ba ce. Haka IPSC take. An raba masu gasa rukuni-rukuni gwargwadon irin bindigarsu, kuma da 'yan rukuninka kaɗai ake auna ka. Rukunin da littafin dokar ya kira Production na bindiga ne yadda ta fito daga kamfani, ba ƙari sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dole sunanta ya kasance cikin jerin da ƙungiyar ta amince da shi, bututunta kada ya wuce milimita 127, kuma harsashi 15 ne iyaka a gida ɗaya. Rukunin Standard kuwa akwati ake kawowa, mai tsawon milimita 225, faɗi 150, kauri 45. Idan bindigarka ta shige da gidan harsashinta a jiki, ka wuce. Open shi ne na masu hannu da shuni, inda ake ɗora gilashin saiti da abin rage shuri a baki, kowa ya yi adonsa.

Na ga yadda wannan ya ci wani abokin wasanmu. Ya sha kallon bidiyon Amurkawa suna yabon Glock 34, ya tara kuɗi ya saya, ya zo ranar gasa yana taƙama. A teburin duba kaya aka ɗora ma'auni: bututun Glock 34 milimita 135 ne. A Amurka ƙungiyarsu ta cikin gida ta yarda da ita a Production, amma dokar IPSC ba ta yarda ba. Ranar dai da manyan bindigogi aka haɗa shi, ya koma gida a ƙasan jeri. Da Glock 17 ya saya, mai bututu milimita 114, kuma mai rahusa a kan waccan, da ba wanda ya tanka masa. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko sisi: ka zaɓi rukuni tukuna, ka buɗe littafin dokar na shekarar da ake ciki, domin ana yi masa kwaskwarima lokaci-lokaci, sannan ka nemi bindigar da ta dace da shi. Sabon shiga kuma, a ganina, ba shi da abin yi a wani rukuni ban da Production.

Wasu kuma girman harsashi ke ruɗarsu. Ana ganin wai mai ƙara da shuri ita ce ta maza. Ga yadda lissafin yake. Ana ninka nauyin kan harsashi, a ma'aunin giren, da gudunsa na ƙafa a daƙiƙa, a raba da dubu. Abin da ya fito shi ne awon ƙarfi. Daga 125 ka shiga ƙaramin aji. Babban aji a Standard sai 170, a Open 160. Tsakiyar allo maki 5 ne ga kowa. Bambancin yana gefe: zagaye na biyu maki 4 ne ga babban aji, 3 ga ƙarami, na waje kuma 2 da 1. Wato babban harsashi rangwame yake ba wanda ya kauce tsakiya, amma yana karɓar ladansa da shuri mai ɗaga baki sama da kuma tsada. A Production ma duk wannan ba ya tasowa, kowa ƙaramin aji ake rubuta masa ko da igwa ya zo. Milimita 9 ta ishe ka, kuma ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da ita, saboda haka 'yan fistol ɗin aljihu masu ƙaramin harsashi ba su cikin lissafi.

Akwai masu zarcewa ta ɗaya gefen, su nemi harsashi mai laushi ƙwarai don bindiga ta zauna lafiya a hannu. Kan harsashi mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba da 130, lafiya lau. Ya sauka zuwa ƙafa 1,000, ya zama 124. A manyan gasa ana ɗibar harsashinka a gwada a na'ura, kuma wanda ya gaza 125 duk harbinsa na ranar ba ya shiga sakamako. Giɓin lamba ɗaya tak. Ka bar wa kanka rata.

Sai batun hannu, wanda ake rainawa. Mutum ya ji an ce zakarun duniya CZ Shadow 2 ko Tanfoglio suke riƙewa, shi ke nan ya rufe ido. Gaskiya ne bindigogi ne na ƙwarai. Shadow 2, ƙirar ƙasar Cek, ƙarfe ce zalla, ta haura kilo ɗaya da kwata, nauyin nan kuwa shi ke shanye shuri. Glock 17 ta Ostiriya jikinta roba ne, wajen rabin nauyin waccan, ta fi saurin fita kube amma ta fi tsalle. Sai dai hular wani ba ta zama a kan kowa. Irin su Shadow 2 harbin farko da doguwar kunama mai nauyi ake yin sa, na bayansa kuma gajere mai taushi. Mai gajerun yatsu sai ya karkatar da riƙo kafin ya kai ga kunamar, daga nan harsashin farko ya tafi kiwo. Ita Glock jan kunamarta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ni hannuna ƙarami ne, sai da na shafe watanni ina zargin idona kafin wani dattijo a kulob ya kama hannuna ya duba, ya miƙo mini wata mai siririyar ƙota, ya ce in gwada. Abin da za ka duba ke nan: tsokar kan yatsanka ta zauna a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba, babban yatsa ya kai maɓallin sakin gidan harsashi, kuma idan ka rufe ido ka ɗaga ta ka buɗe, saitin ya zo kusa da daidai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kusan kowane kulob yana da na haya ko na aro. Ka harba uku ko huɗu kafin ka ce ga taka.

Kada kuma ka zuba duk abin da ke aljihunka a kan bindigar. Tana da 'yan rakiya: gidajen harsashi aƙalla huɗu, tun da dogon zango, wato kashi ɗaya na gasar, kan kai harbi 32, ɗamara mai tauri, kube da ke rufe kunama ruf, tabarau da abin toshe kunne waɗanda ba a barin kowa ya shiga fili ba su. Harsashin atisaye kuwa, a shekara ɗaya ko biyu kuɗinsa kan iya haura na bindigar. Ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta a inda kake, don sifirin ɗaya ya tsinke sai ka yi wata biyu kana kallon mutane. Jami'an da ke gasa da bindigar aiki su ma suna da nasu kuskuren: a bar ta da ƙurar hunturu da tsohon mai sun haɗu sun zama kwaɓa, a zo tsakiyar zango ta cije. Agogo ba ya tsayawa jiran kowa.

Agogon nan shi ne abin da masu neman bindigar "da ta fi saiti" ba su gane ba. Makinka ake rabawa da lokacinka. Wanda ya harba 12 duka a tsakiya, maki 60 cikin daƙiƙa 10, ya samu 6. Wanda ya samu 52 cikin daƙiƙa 8 ya samu 6.5, ya doke shi. Amma idan na biyun ya kuskure allo sau ɗaya, ban da makin da ya rasa, za a zaftare masa 10. Kusan duk fistol ɗin da ke jerin nan ta fi mai riƙe da ita saiti a nisan da ake harbi. Daƙiƙun da ke zubewa a ƙafa suke zubewa, da wurin zarowa, da wurin sauya gida.

Ni nawa kuskuren a gasata ta biyu na yi shi, kuma ba ruwan bindiga. Na gama allunan farko na zabura zuwa na gaba, yatsana yana cikin zoben kunama. Ban harba ba, ban nuna kowa ba. Alƙalin fili ya daka tsawa in tsaya, ya sa na sauke harsashi, ya ce na gama na yau. Kora ce daga gasar baki ɗaya, ba daga zangon kaɗai ba. Haka hukuncin yake ga wanda bakin bindigarsa ya juya ya wuce kusurwar da aka yarda, ko ya yar da ita da harsashi a ciki. Na wuni ina liƙe ramukan allunan wasu da 'yar takarda mai danƙo, kunya kamar ƙasa ta tsage. Shi ya sa nake jin tsoron sabon shiga da ya je ya sa an sassauta masa kunama ta koma kamar gashi. Yatsan da bai koyi zama a waje ba, kunama mai taushi ba gata ba ce a gare shi.

Wani ƙanena da ke zaune a Gwandu ya nace sai na faɗa masa abin da zai fara da shi. Na ce, "Ƙanena, irin ta Dikec." Fistol ɗin iska ta gasa 'yar dalma ce mai milimita 4.5 take ci, doka ta ce nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, kunamarta kada ta gaza giram 500, kuma harbi 60 ake yi a zagayen share fage. Zoben maki goma faɗinsa milimita 11.5 ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba, daga mita 10. Ya ce ai wannan wasan yara ne. Na cika gorar ruwa mai lita ɗaya, wadda nauyinta ya yi kusa da na irin waɗannan bindigogi, na ce ya miƙe hannu da ita ya tsayar da murfin a kan wani ɗigo da na yi a bango. Kafin a ƙirga talatin ruwan ya fara rawa.