Yadda malami zai shirya muhawarar ɗalibai kan fasahar zamani a makarantar sakandare a Jos

Mafi yawan muhawarorin da ake shiryawa a makarantunmu kan fasahar zamani suna lalacewa ne tun daga maudu'in da aka rubuta a allo. Idan aka ce wa yara su fafata kan ko fasaha alheri ce ko sharri, ɓangare ɗaya zai ce waya ta kusanto da nesa, ɗayan ya ce ta lalata tarbiyya, a yi tafi a watse, babu wanda ya ƙaru da komai. Don haka aikin farko na malamin da aka ɗora wa shirya muhawara shi ne ya taƙaita batun har ya zama hukunci guda wanda wata hukuma za ta iya yankewa gobe. Misali, ko ya dace makarantar kwana ta bar ɗaliban aji uku na babbar sakandare su riƙe waya a lokacin nazari, ko kuwa idan makaranta ta samu kuɗi ta fara sa sola kafin ta sayi kwamfutoci. Irin wannan maudu'i yana tilasta wa yaro ya yi lissafi, ya ambaci kuɗi da lokaci da wanda zai ɗauki nauyi.

Bayan an tsayar da maudu'i, a raba ɓangarori ta hanyar ƙuri'a, kada a bar kowa ya zaɓi inda zuciyarsa ta karkata. Ɗalibin da yake ganin waya ce rayuwarsa, idan ƙuri'a ta jefa shi cikin masu adawa da ita, zai koyi abin da ba zai koya ba a zangon karatu guda. A ba su akalla mako biyu na shiri.

Inda ya kamata malam ya fi ɓata lokaci shi ne tara hujja, kuma a nan Jos tana da abin da wasu garuruwan ba su da shi. Tun 1929 kamfanin NESCO ya kafu don samar da lantarki daga ruwa a Kurra, saboda bukatar ma'aikatun haƙar kuza, kuma tafkunan da haƙar ta bari suna nan a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, yara suna ganinsu da idonsu. Kuzar kuwa ita ce ake narkawa a liƙe ƙananan sassan da ke cikin waya da kwamfuta. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan abubuwa uku ya riga ya nuna wa alƙalai cewa kowace na'ura tana da wurin da aka haƙo ta da wutar da take ci, kuma wani ne yake biyan wannan farashi. Wannan ya fi duk wata jimla da zai haddato daga intanet.

A koya musu tarihin kusa ma, domin yawancinsu ba su san duniyar da babu wayar salula ba. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, wanda ke nufin yaron da ya taso a ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana shiga ɗaki guda da ɗan unguwar masu hali ta Rayfield su amsa tambayoyi iri ɗaya cikin lokaci guda. Masu goyon bayan fasaha za su ce wannan tsari ya rage satar amsa ya kuma gaggauta fitar sakamako, masu adawa za su ce ya ƙara tazara tsakanin mai hali da marar hali, kuma duka biyun suna da abin kamawa. Haka rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona: wasu yara sun ci gaba da darasi ta waya, wasu ta rediyo da talabijin, wasu kuma sun zauna kawai. A sa ɗalibai su tambayi yayyensu a wane rukuni suka faɗa.

A ganina, duk muhawarar da aka yi kan fasaha a ilimi ba tare da an taɓo wutar lantarki ba, rabin muhawara ce. Kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, ya koma hannun 'yan kasuwa a 2013 tare da mafi yawan sauran kamfanonin rarrabawa, waɗanda su goma sha ɗaya ne gaba ɗaya. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin sa'a 20 a rana, alhali mafi ƙarancin rukuni alkawarinsa sa'a 4 ne. A watan Oktoba na wannan shekarar yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 tayar da janareta ya zama abin da ake yi da lissafi. A gefe guda, Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019. A umurci kowane ɓangare ya gano rukunin da makarantarsu take, sa'a nawa ake kawo wuta a zahiri, nawa mai shagon caji yake karɓa kan waya guda, nawa kuma mai sa sola zai nema kan allo da batir da inbata da za su ɗauki ɗakin kwamfuta. Su je su tambaya da bakinsu, su rubuta ranar da suka tambaya, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Batun zamantakewa yana bukatar taka-tsantsan a gari irin Jos. Wani binciken BBC na 2018 ya nuna yadda aka yaɗa hotunan ƙarya a Facebook lokacin rikicin da ya auku a Filato a watan Yunin shekarar, ciki har da hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekaru kafin nan. Hujja ce mai ƙarfi, amma malam ya shimfiɗa ƙa'ida tun farko cewa za a yi magana kan yadda labarin ƙarya yake tafiya da yadda ake tantance shi, ba tare da an kira sunan wata ƙabila ko addini ba, domin a aji guda akwai 'ya'yan kowane ɓangare. Masu kare fasaha kuma suna da hujjar ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da tura kuɗi ta waya da masu POS suka riƙe cinikin kasuwa.

Tun fitowar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022, hana yara amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen shiri ya zama umarnin da ba za a iya tabbatar da an bi shi ba. Abin da ya fi shi ne a ce duk adadi ko shekarar da ɗalibi zai furta, sai ya nuna wa malam inda ya samo ta tun kafin ranar, jarida ce ko shafin hukuma ko bakin wanda ya tambaya, domin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro alƙaluma su kawo su da cikakken tabbaci. A hana karanta jawabi daga takarda kuma, a bar ƙaramin kati na tunatarwa kawai.

A ranar muhawara, mutum uku a kowane ɓangare sun isa, minti biyar ga mai buɗewa, uku ga sauran, sannan a ware lokacin da kowane ɓangare zai yi wa ɗayan tambaya kai tsaye, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Alƙalai su zama uku, kuma yana da kyau ɗayansu ya fito daga wajen makaranta, kamar mai gyaran waya ko mai aikin sola, wanda zai gane nan take idan yaro ya faɗi farashin da babu shi a kasuwa. A faɗa musu tun kafin a fara cewa maki mafi yawa na hujja ne da amsa tambayar abokin hamayya, lafazi da tsayuwa su biyo baya, kuma duk wanda ya kawo adadin da ya kasa faɗin asalinsa a rage masa maki biyu.