Kafin ka sa wa na'urar wasanka cif

Jama'a, duk mai niyyar sa wa na'urar wasansa cif ɗin da ke buɗe ta, wato ya cire mata takunkumin kamfani, ya fara duba lambar samfurinta tukuna, don ba kowace ce ke buƙatarsa ba.

PlayStation 2 dai yawancinta ba sai an buɗe cikinta ba. Manhajar Free McBoot a katin ajiya take zama, ta wadatar, sai dai wasu siraran na ƙarshe samfurin SCPH-90000 da ba ta tashi a kansu. Nintendo Switch ta farko da aka ƙera daga 2017 zuwa tsakiyar 2018 tana da wani rauni a cif ɗinta na Tegra X1 da ake bi ta nan a buɗe ta, ita ma ba ta son dalma. Amma samfuran Switch na Lite da OLED da V2 ta 2019 sai an liƙa musu cif a jikin allon lantarki na cikinsu, wato motherboard.

A nan nake jan kunne sosai. Wuraren da ake liƙawa ƙanana ne ƙwarai, musamman a OLED, kuma zafi ya ɗan wuce kima allon ya tafi ke nan. In ba ka saba aikin dalma da madubin ƙara girma ba, kai wa gwani, ka kuma nemi ganin wadda ya taɓa yi. Da an gama, kwafe ma'ajiyar cikin na'urar ka adana a kwamfuta kafin ka taɓa komai.

Ka sani garanti ya faɗi, kuma Nintendo na toshe na'urar da ta gano an taɓa, ta hana ta wasa ta intanet. Sauke wasannin sata kuwa laifi ne a ƙasashe da yawa, ka tsaya kan waɗanda ka saya.