Darasi na Bakwai: William Campbell da Maganin Makantar Rafi

Masu noma ko kamun kifi a bakin kogi sun san baƙin ƙudan nan ɗan mitsitsi mai cizo da rana. A ruwa mai gudu da ƙarfi yake hayayyafa. Idan ya ciji mai cutar makantar rafi, ya koma ya ciji lafiyayye, sai ya bar masa tsutsa. Uwar tsutsar takan kwanta cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, ta yi shekara 10 zuwa 15 tana zuba 'ya'ya. 'Ya'yan nan su ne masu ɓarna. Suna yawo cikin fata, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da totuwar masara. In suka kai ido, gani ya dushe. Dattawan cikinku sun ga zamanin da yaro zai riƙe bakin sanda yana yi wa magidanci jagora zuwa masallaci.

Ɗaya daga cikin waɗanda Allah ya kawo sauƙi ta hannunsu shi ne William Campbell. An haife shi a ƙasar Ailan a 1930. Ya yi karatu a Dublin, ya wuce Amurka, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin a 1957, inda ya yi bincike kan tsutsar hantar dabbobi. A shekarar ya kama aiki da kamfanin magunguna na Merck, ya zauna har 1990.

Aikinsa neman maganin tsutsar dabbobi ne. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, yana ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban, yana rainon ƙwayoyin halittar da ke cikinta, yana aika wa su Campbell. A tsakiyar shekarun 1970 aka gwada ɗaya a jikin ɓeraye masu tsutsa, sai ga shi tsutsar ta mutu. Daga nan aka haɗa maganin aibamektin, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981.

A nan ne nake so ku tsaya ku lura. Da aka ba dawakai maganin, an ga ya kashe 'ya'yan wata tsutsa a fatarsu. Wani da sai ya rubuta ya wuce. Campbell kuwa ya san dangin tsutsotsi kamar yadda makiyayi ya san garkensa, ya gane wannan 'yar'uwar mai makantar da mutane ce. Ya nemi a gwada maganin ga ɗan Adam. Abokin aikinsa, Dakta Mohammed Aziz, ya jagoranci gwajin farko a Dakar ta Senegal a 1981. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin bayar da shi kyauta, da sunan Mectizan, muddin ana bukata.

A 2015 Campbell da Omura suka sami kyautar Nobel, tare da Tu Youyou ta Sin mai maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayan ritaya Campbell ya ci gaba da horar da ɗalibai a Jami'ar Drew. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Maganin nan, 'ya'yan tsutsar yake kashewa, ba ya kashe uwar. Shi ya sa ake sha kowace shekara, ko da ƙaiƙayi ya lafa. Mai rabo zai tsayar da kai jikin sandar awo, ya ba ka ƙwaya 1 zuwa 4 gwargwadon tsayinka. Ba a ba mai juna biyu, ko maijego a makon farko, ko mai jinya mai tsanani, ko yaron da bai kai santimita 90 ba. Kuma kada kowa ya sha na dabbobi.

Aikin gida: Rubuta kalmomin nan sau uku-uku: tsutsa, ƙaiƙayi, ƙullutu. Daga 1957 zuwa 1990 shekara nawa ke nan? Ka tambayi mai rabon magani na unguwarku watan da za a yi rabo na gaba, ka rubuta shi a littafinka, ka zo da shi aji.