Yadda Babban Mutum Zai Fara Atisayen Ƙarfafa Tsoka Ya Kuma Ɗore a Kai

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci duk wanda ya kai shekara 18 da ya riƙa atisayen ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako, ƙari a kan minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki irin su tafiya da sauri. Jama'a sun fi karɓar batun tafiyar, amma da an ambaci ɗaga nauyi sai a ja da baya. A ganina, abin da ya fi hana manya farawa shi ne zaton cewa aikin na samari majiya ƙarfi ne, sai tsoron jin rauni, sai kuma kunyar koyo a gaban idon mutane. Don haka wannan tunani ne abin da ya kamata a fara gyarawa.

Daga wajen shekara 30 tsokar jiki takan fara raguwa sannu a hankali, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60, har ta kai mutum ya kasa tashi daga zaune sai ya dafa wani abu. Wannan ya sa dattijo ya fi saurayi bukatar atisayen. Mata da yawa suna gudun kada jikinsu ya murɗe kamar na maza, alhali sinadarin da ke kumbura tsoka kaɗan ne a jikinsu; abin da suka fi samu shi ne ƙarfi da ƙwarin ƙashi, wanda ake matuƙar bukata bayan ɗaukewar al'ada.

Ba sai an yi rajista a gidan motsa jiki ba, domin nisa da kuɗi da idon jama'a suna cikin abubuwan da ke kashe niyya tun ba a je ko'ina ba. A fara a cikin ɗaki da nauyin jiki kawai. A zauna a kan kujera mai ƙwari a miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan a dafa bango da tafukan hannu biyu a lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusa taɓa shi, a tura jiki baya, daga nan a ɗauki wani abu mai ɗan nauyi daga ƙasa ana riƙe da baya a miƙe. Kowane motsi a maimaita shi sau 8 zuwa 12, a huta, a sake zagaye ɗaya ko biyu. Kada a riƙe numfashi lokacin yunƙuri, a fitar da shi, domin riƙe shi yana ɗaga hawan jini. Idan sau 12 ya zama da sauƙi, a ƙara nauyi kaɗan.

Mako na farko shi ne inda ake yawan rasa mutane. Tsamin jiki yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, sai mutum ya ɗauka ya ji wa kansa ciwo ya bari. Wannan tsami yakan wuce da kansa, kuma yana raguwa idan jiki ya saba. Wanda ake dakatawa saboda shi shi ne ciwo mai suka a gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri. A bar kwana guda tsakanin zaman atisaye da na gaba don tsoka ta farfaɗo. Haka kuma kada a sa ran ganin canji a madubi da wuri, domin a makonnin farko ƙarfin da ke ƙaruwa yawanci daga jijiyoyi yake, waɗanda ke koyon sarrafa tsoka, girman tsokar kuwa sai daga baya. Rubuta yawan abin da aka ɗaga a kowane zama ya fi madubi nuna ci gaba.

A tsayar da ranaku biyu da lokaci sananne, a nemi abokin yi idan da hali, tunda wanda ake jira ba ya saurin fashi. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai juna biyu, ya fara tuntuɓar likita kafin ya soma.